Mabuɗin Ƙofar Mata Yana Aljihuna

Idan Allah ya kai mu washegarin ƙaramar Sallar bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Dije. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ita ta goya ni, ita ta fara kai ni makarantar allo tana ja ina turjewa. Duk shekara mukan taru a gidanta da ke cikin garin Daura, a yi mata addu'a, a ci abinci, a watse. 'Yarta tilo, Safiya, takan zo daga Mashi inda take aure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Kawu Allah ya bar zumunci. Ni kuwa sai in koma gida da maganar da na fito da ita, ban faɗa mata ba. Maganar ta yi mini nauyi, ta hana ni zama wuri ɗaya, shi ya sa bana na ɗauki alƙalami.

Yaya Dije mai kitso ce da ƙunshi. Babu amaryar da za a kai a unguwarmu kanta bai bi ta hannunta ba, kuma daga Zango har Mai'adua da wuya ka ambaci mace ta kasa gaya maka sunan kakarta. Bakinta kuwa sai dai a yi shiru. Ni malamin firamare ne, yanzu na yi ritaya, kuma tun ina saurayi ba na wasa da sallar jam'i. Saboda haka ta laƙaba mini Na'ibi. Ko a gaban surukaina haka take kirana, in na ɓata rai ta ce, "To Liman ne kai? Ai ban rage maka komai ba."

A shekarun baya wani attajiri, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, ya buɗe filin wasan yara a bakin gari. Ba wani ƙaton wuri ba ne, amma mu a wurinmu duniya ce. Akwai lilo ƙanana, akwai wani babba mai juyawa da janareta ke ja, ga masu alewa da masu balan-balan. Tun da aka dawo da shari'a aka saba raba maza da mata a wurin taro, don haka ƙofa biyu aka yi wa filin, ta maza a gabas, ta mata da yara a yamma. Babu wanda ya ga aibun wannan, har yau ma ban ga aibunsa ba. Ranar Sallah ƙofar matan nan a wangale take kamar bakin kasuwa, a shiga a fita.

Sai zamanin bama-bamai ya zo. Wanda ya yi wayo a lokacin ba sai an tuna masa ba. Ka kunna rediyo ka ji ya tashi a tasha, gobe a kasuwa, jibi a wurin ibada. Daura Allah ya tsare mu, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da Sallah ta matso, mai filin ya tara dattawan unguwa aka yi kwamiti, ni ma aka sa ni. Muka yanke cewa ba mai shiga sai an caje shi. Maza su caje maza, mata su caje mata. Da yake mata biyu kacal aka samu da suka yarda da aikin, Yaya Dije da wata ƙawarta, sai aka ce babbar ƙofar mata ta yi musu faɗi. Aka ja ta aka rufe, aka naɗe ta da sarƙa, aka danna kwaɗo ta waje. Aka bar 'yar ƙaramar ƙofar da ke jikinta, wadda mutum ɗaya ke bi, shi ma sai ya sunkuya.

Muka tashi daga taron nan muna jin mun yi dabara. Duk tunaninmu yana kan wanda zai shigo. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tambayi yadda za a fita ba.

Saura mabuɗi. Yaya Dije ta aiko cewa a ba ta, tunda ita ce a tsaye a wurin. Dattawa suka ƙi. Ba don ba su yarda da ita ba, sai don sun san ta san kowa. Suka ce in wata gwaggonta ta zo daga ƙauye da zugar jikoki, kunya ba za ta bar ta ta tsayar da su a layi ba, za ta buɗe musu babbar, daga nan kuma shi ke nan an ɓalle. A nemo wanda ba ya jin kunyar kowa a kan amana. Ido ya dawo kaina. Aka danƙa mini, aka ce kada in ba kowa, ko da mai filin ne ya aiko. Wallahi na ji daɗi. Na ji an san darajata.

Da yamma na biya gidanta tana ƙulla wa wata yarinya lalle. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Na ji an naɗa ka sarkin ƙofa."

Na ce amana ce aka ba ni.

Ta ce, "Na'ibi, kai da in an kira salla ko gobara ake ba ka waiwaye? In ka tafi, mu da ke ciki mu zama awakin wa?"

Na ce mata masallacin ga shi nan tsallaken titi, raka'a huɗu minti nawa ce. Ta ce to, Allah ya sa mu ga alheri. Ta ci gaba da ƙunshinta.

Ranar Sallah lafiya lau. Washegari jama'a ta ninka, don mutanen ƙauyuka sun shigo, 'yan acaba sai sauke mata suke da yara uku uku. Tun hantsi nake zaune a kan benci a wajen ƙofar. Azahar ta yi na je na dawo, ba abin da ya faru, wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Da aka kira la'asar na miƙe. Na ga Yaya tana shafa jakar wata mata, gumi ya jiƙa mata hijabi. Ta kalle ni, ta kalli aljihuna. Na ɗauke kai na tsallaka titi.

Muna raka'a ta uku muka ji ƙara. Daga baya aka gane tayar wata motar kaya ce ta fashe a bayan katanga. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wani a cikin filin ya ce bam ne, kuma kowa ta ƙofar da ya shigo yake neman fita. Mata da yara su ne mafi yawa. Duk suka yi yamma.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Na ji ƙarar, na ji ihun da ya biyo baya. Tun safe yara ke ihu a kan lilo, sai na gaya wa kaina irinsa ne. Ba irinsa ba ne, kuma kunnena ya sani. Ina sahun gaba, bayan liman, mutane na ganina. Na tsaya na cika raka'ar, na kawo ta huɗu, na zauna tahiya, sai da aka sallame na zabura. Ban san tsawon lokacin ba. Na sha zama da agogo in gwada, kullum abin da nake samu daban, kuma kowanne ya yi yawa.

Na isa ba takalmi. Nauyin mutane ya turo ƙofar har sarƙa ta ɗaure tamau, kwaɗon ya maƙale. Ta 'yar ƙaramar ƙofar nake ganin yara na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana miƙo su, ashe miƙo su ɗin ake yi. Yaya Dije ce ta tokare bakin ƙofar da bayanta don kada a danne ƙanana, tana cafko su tana turowa waje. Ita ce mafi kusa da fita a duk filin. Taku ɗaya za ta yi ta tsira. Da kwaɗon ya buɗe jama'a suka zubo, da yawa sun ji ciwo, amma kowa ya tashi. Ita ce ba ta tashi ba. Da sauran numfashinta muka kai ta asibiti, kafin magariba ta cika.

Babu wanda ya tuhume ni. Wannan ma wata azabar ce. A wurin zaman makoki kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwananta ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ban taɓa ja da ƙaddara ba. Amma ƙaddara ba ta hana a tambayi mai riƙe da mabuɗi ina ya tafi. 'Yan kwamiti sun sani, suka rufa mini asiri, wataƙila don asirin namu ne gaba ɗaya. Daga baya na je wurin wani malami na ba shi labari kamar na wani ne. Ya ce wanda aka ba tsaron rayuka ya yi sallarsa a inda yake tsaro, kuma ko a cikin salla yake ya ji rai na cikin haɗari, ya yanke ya je. Ya ce wannan ai sananne ne. Ni da ake kira Na'ibi ban sani ba, ko kuma na sani, son a gan ni a sahun gaba ya rufe mini ido. Salla ba ta yi laifi ba. Ni na yi.

Filin nan bai daɗe ba aka rufe shi. Amma wasu sun buɗe, a nan da Katsina da sauran garuruwa, sun fi shi girma da kyau. Yanzu akwai na'urar da ake shafa wa mutum ta yi ƙara, akwai kyamara, akwai 'yan sintiri da kaki. Tsoron ma ya sauya kama, jiya bam, yau 'yan bindiga da masu satar mutane, don haka katanga sai ƙara tsawo take ana ɗora mata waya mai ƙaya. Ban ce kada a yi ba. Amma tun daga shekarar nan ba na iya wuce wurin taro ban zagaya bayansa ba. Filin wasa, ɗakin biki, makarantar da ake saukar karatu, sai na je na taɓa ƙofar baya. Sau da yawa in tarar da sarƙa. In tambayi mai gadi wa ke riƙe da mabuɗi, ya ce manaja. Ina manaja? Ya ɗan fita. Wani ya yi mini dariya, wani ya ce Baba ka je ka huta, wani ma ya ɗauka ni ne abin tsoron ya hau caje ni. Raina yakan ɓaci in yi ta faɗa har a taru, in dawo gida matata ta ce yau kuma ƙofar wa ka je yi wa wa'azi.

Nakan ce da Yaya tana nan me za ta ce. Na san ba za ta tsaya yabon kyamara ba. Za ta dubi layin matan da aka matse a lungu, ta dubi ƙaton kwaɗo, ta ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Za ta tambaya, cikin masu zaman shawarar nan akwai mace ko ɗaya da ta taɓa tsayawa a ƙofa da goyo a baya da yaro a kowane hannu? A namu kwamitin babu. Wadda ta hango abin tana gida tana ƙulla lalle, mu muna can muna yanke hukunci a kan kunyarta. Don haka masu irin waɗannan wurare, ku caje kowa, ba na hana ku. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofar da kuka kulle, mabuɗinta ya zauna a hannun wanda ke tsaye a jikinta, ko mace ce, ko ba ta da muƙami, kuma in zai gusa ko alwala ce ya miƙa wa na kusa.

Ban ga ya dace Safiya ta fara jin wannan a jarida ba. Makon jiya na hau mota na tafi Mashi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, na kasa sha. Na faɗa mata komai, har raka'ar da na tsaya cikawa.

Ta ce, "Kawu, ai na sani. Ranar ina tsallaken titi ina jiran acaba da jaririna. Na ga fitowarka daga masallaci, mabuɗi a hannu."

Na ce me ya hana ta magana duk shekarun nan.

Ta ce, "Shekara biyu ba na son ganin fuskarka, ina gaishe ka ne kawai don Inna. Daga baya na ga abin da kake yi wa kanka ya fi wanda zan yi maka." Ta share ido da gefen mayafi. Ta ce yaranta sun dame ta bana sai an kai su lilo a Daura, kuma tun rasuwar Inna ba ta taɓa barin su sun je ba. "In za su je, kai za ka kai su. Duk ƙasar nan ban san wanda ba zai gusa daga bakin ƙofa ba sai kai."

Yaya Dije ba ta bar gona ba, ba ta bar shago ba. Yaran da ta miƙo ta ƙofar nan yanzu samari ne da 'yan mata, wasu na wuce ni a hanya, ban san su ba, su ma ba su san bayan wa aka tokare don su fito ba. Wannan ne gadonta, kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba. Allah ya yalwata mata kabarinta, ya buɗe mata ƙofofin rahama. Ni kuma na amsa wa Safiya. Washegarin Sallah zan ɗauki jikokin Yaya su uku, da alwalata tun daga gida, da darduma a hammata. In an kira la'asar, a jikin ƙofar zan yi ta.