Kujerun da Ba Namu Ba

Yayana mai gyaran kujeru ne, kuma duk unguwarmu babu wanda zai ce ya taɓa ganinsa da riga mai datti a wajen shago. Yana da rigar aiki, yana da rigar hanya. In an tashi aiki sai ya wanke hannu har gwiwa, ya tsince zaren da ya maƙale masa a gemu, ya canza riga ya ɗora hula, ya tako gida kamar wanda ya taso daga ofis. Tsakanin shagon da gidan kuwa, in ka tsaya a nan kana hango can. Tun muna yara haka yake. Ranar da ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, shi ne zai fita ƙofar gida yana sakace.

Aiki kam ya iya, wannan ba na musu. A kawo masa kujerar da ɓera ya haihu a ciki, soso ya ruɓe, ƙafa ta karye, sai ya kwance ta har katako ya sake ɗaure ta, mai ita ya zo ya tsaya yana tambaya ko tasa ce. Amma sana'ar ta ja baya. Mutane sun koma sayen na kanti masu araha, in sun lalace a jefar. Wani lokaci sai a daɗe ba a ji ƙarar guduma a shagon ba. Duk da haka in ka tambaye shi kasuwa, amsarsa ɗaya ce: "Sai godiya, aiki har ya yi mana yawa." Ni ƙanwarsa ce, na san abin da ke cikin tukunyar gidansa, don haka wannan amsar ta daɗe tana ƙona min rai.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarmu ta ci, ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya. Yarinya ce mai ƙwazo, ba ta da surutu. Sharaɗin makarantar a fili yake: wanda bai biya ya yi rajista kafin a fara zango ba, a ba na bayansa gurbin. Kuɗin kuwa ko dangi duka mun zazzage aljihu ba za su haɗu ba. Hanya ɗaya ta rage, tallafin karatu da gwamnati ke ba 'ya'yan marasa hali.

Da yake ni malamar firamare ce, kuma wayata ce mai dama-dama a dangi, ni aka ɗora wa. Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Shafin neman tallafin a intanet sai ka cika har ƙasa ya ɗauke, ka dawo ka tarar ya goge komai. Ana son takardar shaidar samun gurbi, takardar haihuwa, shaidar zama a unguwa, hoton yarinya, da asusun banki da sunanta. Hoton ma sai da aka mayar mana da shi, wai ya yi nauyi, muka rage, aka ce ya yi dishi-dishi. Duk wannan na jure. Wurin da haƙurina ya soma ƙarewa shi ne inda aka tambayi abin da uba ke samu a wata.

"Rubuta alhamdu lillahi," in ji Yaya.

"Yaya, lamba wurin yake karɓa."

"To ki sa abin da ya dace da mutum mai sana'a."

Na sa gaskiya, ban nuna masa ba. Muka tura.

Bayan wani lokaci saƙo ya shigo wayata cewa za a turo jami'a ta ga gidan da idonta, ta tabbatar da abin da muka rubuta. Na yi murna, don gidan Yaya ba ya bukatar lauya. Falon leda ce da ta tsage a tsakiya, sai benci ɗaya, sai wata kujera da yake cewa zai gyara tun kafin a yaye autansu, sai fanka mai kukan akuya. Na je da kaina na ce masa, a gaban matarsa: "Yaya, don girman Allah kar a taɓa komai. Yadda gidan yake haka ake so a gan shi." Ya ce ya ji. Da na lura da yadda yake kallon ledar nan, da ban tafi ba.

Ranar ina da aji da safe, ban iso ba sai da jami'ar ta riga ni. Ina sa ƙafa a falon na ja da baya, na zaci gidan maƙwabta na faɗa. Kujerun kushin ne jere, launin ruwan zuma, kamar sababbi fil, har da ƙanshin gam. Na gane su, na wata hajiya ce da ta kawo gyara, ya gama ba ta aiko an ɗauka ba. An shimfiɗa kafet a kan ledar. Ga talabijin ɗin mai shagon maganin unguwa a kan tebur, ga firij ɗin matar wani direba maƙwabcinsu a kusurwa, ko jona shi ba a yi ba, wayarsa na kwance a ƙasa. Har labule an rataya. Ashe tun da sassafe maƙwabta ke ta jigila, kowa na murna zai fitar da Yaya kunya.

Shi kuwa yana zaune cikin kayan da yake zuwa ɗaurin aure da su, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Jami'ar, wata matashiya mai gilashi, tana ɗaukar hoton ɗakin da ƙaramar kwamfutar hannu. Matar Yaya na tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Yarinyar na riƙe da tire, ta kalle ni sau ɗaya ta kau da ido.

"Baba, ya kasuwa?" in ji jami'ar.

"Sai godiya, 'yata. Aiki har ya yi mana yawa."

Jini ya hau min ka. Na ce, "Malama, kujerun nan ba nasa ba ne. Na gyara ne. Firij ɗin ma aro ne, duba ko jona shi ba a yi ba."

Yaya ya yi dariya irin ta manya. "Ƙanwata ce, akwai ta da barkwanci. Ke a gidan wa kike ganinsu?"

Jami'ar ta dube shi, ta dube ni. Ban ga mugunta a fuskarta ba, gajiya na gani, ga alama gidaje da yawa ke jiranta. Ta ce, "Anti, mai gida ake tambaya, kuma abin da na gani nake rubutawa." Ta sha ruwa, ta yi godiya, Yaya ya raka ta har titi.

Da ya dawo ban bari ya zauna ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya kashe wa yarinya karatu da hannunsa, na ce wahalar da na sha da wayar nan ya zubar min da ita a kwata. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali:

"Baƙuwa ta taso daga gwamnati ta zo gidana, ki ce in zaunar da ita a kan benci? Ni, mai gyaran kujeru? Gobe ta ce ta je gidan mai gyaran kujeru ba ta samu wurin zama ba?"

"Abin da aka aiko ta ta gani ke nan, Yaya."

"Ai su ma sun san mutunci. Za su gane."

Ba su gane ba. Amsa ta zo a taƙaice: bincike ya nuna iyalin na da hali, kuma abin da aka gani ya saɓa da abin da aka rubuta. Wato ban da rashin tallafi, mun zama maƙaryata.

Na tafi ofishin tallafin na yi ta bin tagogi har na samu wanda ya saurare ni. Ya ce ana ɗaukaka ƙara, amma sai uban ya zo da kansa ya yi bayani, ya kuma kawo shaidar mai kujerun. Na kai wa Yaya wannan magana, ya ce shi ba zai je ya tsaya gaban yara yana tallan talauci ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, ni ina zarya, shi yana shiru. Yarinyar ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma ce masa komai ba. Gaisuwa kawai, ta ajiye masa ruwa ta fita. Ina jin wannan shirun ne ya tayar da shi, ba masifata ba.

Ya je wurin hajiyar. Ta ba da shaida, amma sai da ta wanke shi tas a gaban masu aikinta, wai ita ba ta kai kujerunta haya ba, ta kuma aika aka kwashe sauran aikinta daga shagon. Washegari muka tafi ofishin tare. Layi ne har waje, tagar kuma gilashi ce mai 'yar huda, sai ka ɗaga murya ake ji.

"Kujerun ba nawa ba ne," in ji Yaya.

"Baba, ɗaga murya."

Ya waiga ya dubi layin. Akwai wani da ya taɓa yi wa aiki a ciki.

"Na ce kujerun ba nawa ba ne. Firij ɗin ma ba nawa ba ne. Ba ni da halin biya mata."

Duk haushin da nake ji, sai da idona ya kawo ruwa. Ma'aikacin ya karɓi takardun, ya buga hatimi, ya ce an karɓa. Sannan ya ƙara da cewa kwamitin ƙararraki ba zai zauna ba sai bayan an raba na bana, in an wanke mu sai mu sake nema baɗi. Na ce masa gurbin yarinya ba zai jira baɗi ba. Ya ce wannan tsakaninmu ne da makaranta, ya kira na gaba.

Makaranta ta ba wata gurbin. Yanzu sai yarinyar ta sake zana jarrabawar shiga, kuma babu wanda ya yi mata alkawarin za ta sake samu. Kafin lokacin tana zuwa shagon da littattafanta, in akwai aiki ta taya shi cire tsofaffin ƙusoshi, in babu ta yi karatu a kan teburin yanka yadi.

Rannan na biya ta shagon daga makaranta, na tarar da wani tsohon abokin cinikinsa ya kawo kujerar ofis. Mutumin ya ga yarinyar ya ce, "A'a, ba ke ce aka ce kin tafi koyon jinya ba?"

Kafin ta buɗe baki Yaya ya karɓe. "Ai hutawa take yi bana. Ni na ce ta ɗan huta, karatu ya yi mata yawa."

Na buɗe baki zan yi magana, yarinyar ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ajiye filayar da ke hannunta ba.

"Ba hutu nake ba, Baba. Ba mu samu kuɗin ba ne."

Mutumin ya soma duba ƙafar kujerarsa kamar yanzu ya ga ta karye. Na jira Yaya ya yi dariyar nan tasa ya ce yarinya ce, ba ta san komai ba. Bai yi dariyar ba.

"Haka ne, Uwata," ya ce. "Ni na ja miki."