Dattijon da Ke Bubbuga Faifai

A shagon gyaran kwamfuta a Malali nake jiran layi, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare ya hana kowa sakat. Faifan kwamfutarsa ya ƙi buɗewa, mai gyara yana lallaɓa shi yana kwaso abin da bai lalace ba. Da aikin ya tsaya, sai dattijon ya bubbuga faifan kamar tsohuwar rediyo.

"Baba, don Allah bari. Kowane bugu ƙara lalata shi yake yi."

"Muryar marigayiya mai ɗakina ce a ciki, ɗana."

Ina jin haka yake gyara komai a gidansa. Hannun ya sake tashi. Ban san shi ba, amma na riƙe.