Damin Dawar Salome

Tun kafin rana ta yi zafi za ka ga kekensa jingine da bangon kotu. Malam Maharazu, magatakardan wata ƙaramar kotun yanki da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, yakan riga masinja isowa, ya kakkaɓe teburinsa, sannan ya fito ya gaisa da masu ƙara ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce baƙinsa ne. Bana, 1988, ya ajiye aiki bayan shekara ashirin da shida. Ba wanda ya shirya masa taro, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Hali guda gare shi da ya ishi alƙalai. Ba ya barin kowa ya dangwala yatsa a takarda sai ya karanta masa abin da ya rubuta, a hankali, ya ce, "Haka ka faɗa? Da saura?" Abokan aiki na yi masa tsiya, wai ƙarar akuya in ta shiga hannunsa sai akuyar ta haihu. Shi kuwa ra'ayinsa bai taɓa sauyawa ba. Yakan ce ƙasar nan tana da shari'ar Musulunci, da al'ada, da dokar gwamnati, kuma duka ukun an kafa su ne don kada mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Babu wadda za ta iya wannan aiki in ba a saurari mutum har ƙarshen maganarsa ba.

Mutanen wajen Maska ba su manta da kakar 1979 ba. Wani manomi, Amos, ya rasu ya bar matarsa Salome da 'ya'ya huɗu da gona guda. Ba a daɗe ba maƙwabcinsu Bature ya kai ƙara, ya ce gonar ta mahaifinsa ce, aro aka ba gidan su Amos. Hujjarsa mai ƙarfi ce. A al'adarmu, mai noma gonar aro yakan kai wa mai ita damin hatsi duk kaka, alamar ya san ba tasa ba ce. Kowa kuma ya shaida ana kai damin dawa daga gidan Amos zuwa gidan su Bature.

Alƙalin sabo ne, mai ilimi, mai sauri. Ya tambayi Salome, "Kuna kai dami?"

Ta ce, "Muna kaiwa, ranka ya daɗe. Ko bana na kai."

Ya ce ai ta amsa da bakinta, a rubuta, ta dangwala. Salome ta miƙo yatsa, ba ta san gonarta take miƙawa ba.

Malam Maharazu ya rubuta, ya karanta mata, amma bai turo tawada ba. Abin da ya dame shi, ya ga ta faɗi maganar ba tsoro, har da ɗan alfahari, kuma wanda ake bin sa gona ba haka yake magana ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini izinin tambaya guda."

"Kai ne alƙali ko ni?"

"Kai ne. Ni dai rubutuna ne bai cika ba. An ce ana kai dami, ba a ce wa ake kai wa ba."

Alƙali ya ɗaure fuska, ya yi tambayar da kansa. Salome ta ce, "Inno ake kai wa mana. Har ƙofar ɗakinta."

Inno mahaifiyar Bature ce. Washegari aka ɗauko ta a amalanke, tsohuwa tukuf. Ta dubi ɗanta ta ce, "Bature, uwar Amos ta rasu yana jinjiri, ni na shayar da shi. Nono ɗaya kuka sha. Damin nan nawa ne, na ɗa ga uwarsa, bai taɓa shiga rumbun ubanka ba. Gonar kuwa kakan Amos ya sare dajinta, ina amarya ina kallo."

Gona ta tsaya ga marayu. Malam Maharazu kuma ya samu takardar gargaɗi kan katsalandan, ƙarin girmansa ya makara shekara uku. Bai taɓa kai kuka ba, amma ni har yau abin yana yi mini ciwo.

Malam, kai ne mai jiran ƙarshen magana. Ba ka karanta manyan littattafan lauyoyi ba, ba ka taɓa yanke hukunci ba, amma ka gane cewa ana iya bin doka daidai a yi zalunci, in aka tsaya a rabin gaskiya. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka ci hutunka lafiya.

Ku kuma matasan da kuka gaji teburinsa, takardunku sun fi nasa yawa, layin masu ƙara ma ya fi tsawo. Duk da haka kada gaggawa ta hana ku ƙara tambaya ɗaya. Babban ɗan Salome ne ke noma gonar yanzu. Inno ta rasu shekara biyar ke nan, kuma duk kaka yana ɗaukar dami ya kai gidan, ya ajiye wa Bature, ɗan'uwan ubansa na nono.