Katakon Da Ƙanena Ya Rena A Kwalba

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Dakta Isuhu makwancinsa a Gwagwalada, kuma har yanzu ban huce ba. Ba da mutuwa nake fushi ba, ita rigar kowa ce. Da masu rai nake.

Ni kafinta ne. A aji uku na firamare malamai suka haƙura da ni, ni ma na haƙura da su. Isuhu kuwa ya yi karatu har ya ce zai yi katako ba tare da sare bishiya ba. Yakan yanki ɗan tsiro daga bishiyar nan mai ganye kamar allura, wadda ake yi wa ado lokacin Kirsimeti, ya sa a kwalba bisa wani abu kamar koko da ya daskare. Bayan makonni sai ya zama farin curi mai laushi kamar awara. Daga nan ya sauya masa abinci, sai wasu ƙwayoyin halittar da ke ciki su kaurara bangonsu, su mutu, su bar ƙananan bututu. Wannan gawar, in ji shi, ita ce katakon da na tsufa ina buga wa ƙusa ban sani ba.

Ni na ƙera masa kantocin ɗakin gwajinsa a wurin aiki. Nakan ce, "Dakta, yaushe awararka za ta kai ƙafar kujera?" Ya ce, "Yaya, kai da aji huɗu ya gagara, yi haƙuri." Ranar da ya ɗiga wani ruwa mai rina katako ja, ya ce in leƙa madubin ƙara girman abu, na ga bututun sun yi ja a jere, na yarda katako ne.

Ko arba'in ɗinsa ba a yi ba aka ba wani sabon oga ɗakin ya mai da shi ofis. Ya dubi kwalaben, ya ce a bar farare masu kyan gani, a zubar da waɗanda suka dafe suka taurare, wai sun lalace. Jama'a, a cikinsu ne katakon yake! Fararen ma, da babu mai sauya musu abinci, suka bi sahu. Ni jahili na sani, mai digiri bai tambayi kowa ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu. To ƙin tambaya fa? Da na sami ogan, sai ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kantocinka suna nan lafiya." Kantoci!

Da Isuhu zai ɗago yau, da ya ga motocin gawayi suna wucewa a jere, tuddai an aske su ƙwal don gidaje, yayansa kuma yana goge ɗanyen katako da ke lanƙwashewa kafin mai shi ya isa Jikwoyi. Ba zai yi zagi ba, shi mai kunya ne. Ni nake yi masa.

Kwalba ɗaya na tsinto a bola. Abin da ke ciki ya bushe, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Sau biyu ina ƙwace ta daga hannun matata za ta zuba yaji. Watan jiya 'yarsa Hadiza, da ta bi sawunsa a karatu, ta ɓalli kaɗan ta tafi da shi. Da la'asar ta kira ni: "Baffa, ya yi ja."

Na ce Allah ya ji ƙan ubanki. Ki ci gaba daga nan, amma kowace kwalba ki rubuta mata "Kada a zubar" da manyan baƙaƙe. Ba don irina ba, don masu digiri.