Matar da Ke Warware Zare

Ta shigo shagon kayan ɗinki, amma mai shago ya san ba tela ba ce: farcenta babu huda ko ɗaya, tabaranta ɗaure da roba, idanunta jajir. Kwarkwaro biyar ta saya da zare guda. Maimakon ta tafi, tana tsaye bakin kanta tana naɗa zaren a jikin kowane kwarkwaro, zagaye biyu-biyu, leɓɓanta na motsi.

"'Yata, wane irin ɗinki ne wannan?"

"Baba, haka zaren gado, mai ɗauke da abin da ka gada daga iyaye, yake naɗe a cikin ƙwayar halittar jikinka," in ji ta. "Akwai ɗan injin da ke bin zaren yana kwafar saƙo. In ya iso kwarkwaro, sai mataimakansa su sassauta naɗin ya wuce, su mayar a bayansa. In suka bar shi warware, sai a fara karatu daga inda bai kamata ba."

Tana tura ɗan yatsa cikin zaren. Gobe, ta ce, za ta tsaya gaban malamai ta kare bincikenta; bara sun dawo da ita. Shi dai mai shagon yana zargin ba malaman take tsoro ba, wani ne a gida da ya ce a bar karatun haka.

"Ka gane, Baba?"

"Sarai ma kuwa!"

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta jawo kujerarsa ta zauna, ta warware zaren tas.

"Ba ka gane ba. Bari in sake."