Motar da Aka Yashe wa Ciki

Dillalin da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa ya sayar mini da mota bayan ya yashe mata ciki. Cutar ke nan, sauran duk bayani ne.

Shekara goma sha tara ina jiƙa fata a wata masana'anta a Challawa. Da aka rufe ta, ɗan abin sallamar da aka ba ni na zuba shi kaf a motar nan, 'yar waje, mai allo a gaba kamar talabijin. Ina kwasar ma'aikata daga Na'ibawa zuwa Sharaɗa da Challawa, safe da yamma. Da ita nake ciyar da baki tara.

Wata bakwai lafiya lau. Ran nan da safe na haɗa ta da datar wayata don fasinja su ji karatu, sai rubutu ya fito a allon. Turancina na ɗan aji biyu ne, amma na gane kamfanin da ya ƙera ta ne zai sabunta mata ƙwaƙwalwa ta iska, kyauta. Kyauta fa! Na danna.

Kusan awa guda ta ƙi tashi. Ma'aikata suka sauka suna tsaki, suka tare adaidaita. Da ta farfaɗo, allon ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, kuma ko na take totur har ƙasa, tirela da lodi sai ta wuce ni.

Wani mai duba mota da kwamfuta a Dakata ya shiga ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa, ta amsa kamar gwangwani. Ya ce, "Malam, abin tace hayaƙin nan an cire an sayar tun kafin ta zo hannunka. Aka yi wa ƙwaƙwalwar dabara don kada ta tona. Yanzu kamfani ya goge dabarar, ya sa kwaɗo."

"To a mayar da ita yadda take."

"Ba ta komawa. Sai dai sabo, shi kuwa..." Ya kalli takalmina.

Ma'aikatan sun koma wajen wani. Ban ga laifinsu ba, in ka makara minti biyar mai gadi ya rufe ƙofa. Motar tana ƙofar gida, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Bayan la'asar na tare dillalin yana laluben takalminsa. Ya ce, "Ai kai ka danna, Malam. Wa ya aike ka? Ƙaddara ce."

Na ce, "Alhaji, ni na danna, gaskiya ne. Amma ƙarfen nan ba ya salla, da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya. Kai kuwa wata bakwai kafaɗarka na gogar tawa a sahu. Ba ni da ƙarfin kai ka ko'ina, ka sani, na sani. Ka riƙe kuɗin. Ban yafe ba. Kada ka ƙara tsayawa kusa da ni, kuma in na riga ka, kada ka zo jana'izata."