Tsinken Kailani

Malam Mahmudu ya riga Kailani komai. Ya riga shi zuwa duniya da shekara biyu, ya riga shi shiga elemantare, ya kuma gama makarantar Midil da takardarsa a hannu, alhali Kailani daga aji huɗu ya koma gindin masaƙar ubansa a Tudun Jukun. Saboda haka da aka kawo Kailani ɗakin shan magani na mata da yara a Tudun Wada cikin 1954, aka ce ya riƙa taya akawu neman katuna, Mahmudu, wanda shi ne akawun, ko a jikinsa. Har tausayinsa ya ji.

A yau da kwamfuta ta cika gari, irin su Kailani ne ake ɗauka su zauna su tsara yadda za a adana bayanai da yadda za a nemo su. A wancan zamani kuwa ɗan masaƙi ne kawai, siriri, mai yawan shiru, wanda in ya ga ana wahala da abu ba ya iya kau da kai.

Wahalar ɗakin nan ɗaya ce. Kowane yaro yana da katinsa, inda likita ke rubuta ciwonsa da maganin da aka ba shi. Mahmudu ya jera katunan bisa harufan sunaye, kamar yadda aka koya masa, da rubutunsa mai kyau wanda har likita ke yabawa. To amma uwa takan zo ta ɓatar da 'yar takardar lambarta, a tambaye ta sunan yaro, sai ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ko kuma sunan surukinta ya ci, ko na mijinta. Wace mace mai kunya za ta ɗaga murya ta kira irin wannan suna a bainar jama'a? Sai ta ce Ɗanlami, ko Mai-sunan-Malam, ga Ɗanlami ya fi arba'in a cikin akwati. Haka za a wuni, layi har bakin titi, Mahmudu na faɗa, yara na kuka.

Kailani ya yi wata uku yana kallo. Ran nan ya je wurin wani baduku ya aro abin huda fata, ya roƙi likita katuna ɗari. Ya bi gefen kowane kati ya jera ƙananan huji, kowace amsa da hujinta: kowace unguwa da nata, kowace sana'ar uba da nata, kowace ranar haihuwa a mako da nata, mace da namiji kowa da nasa. Inda amsar ta dace da yaron, sai ya sa almakashi ya tsaga hujin har baki. Ya samo tsinken ƙafar keke, ya zura shi ta huji ɗaya ya ratsa katunan duka, ya ɗaga ya girgiza. Waɗanda aka tsaga suka zubo, sauran suka rataye. Ya kwashe waɗanda suka zubo ya sake zurawa ta wani hujin. Kafin tambaya ta huɗu, kati ɗaya ko biyu ne suka rage, kuma ba wanda ya nemi suna. Da likita ya tambaye shi inda ya koyo, ya ce a masaƙa, inda wasu zaruruwa ke tashi wasu na kwanciya.

Daga ranar abinci ya daina yi wa Mahmudu daɗi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, katunan Kailani ba ruwansu da jeri. Ko an watsa su an tattara yadda aka ga dama, tsinke zai nemo nasa. Ashe jerin da ya yi shekara biyar yana tattali, yana hana kowa taɓawa, ba shi da sauran amfani. Ga Kailani kuma da wani hali mai ƙara ƙona rai, kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" Da ya yi girman kai ma da sauƙi, da Mahmudu ya sami abin kamawa.

A gida matarsa Atika ta gaji da jin zancen. Wata rana ta ce masa, "Malam, wai yaron nan wani abu ya yi maka ne?"

Ya ce, "Ɗan masaƙi ne fa. Aji huɗu!"

Ta ce, "To ai ban ji laifin ba tukuna."

Bai sake yi mata maganar ba har sati.

Cikin 1956 aka ce za a ƙara girman ɗakin, a naɗa babban akawu, kuma wani babban likita zai zo daga Kaduna ya duba ya zaɓa. Wannan kujera ita Mahmudu ya sa wa rai tun ranar da ya fara aiki, yanzu kuwa yana ganin za ta suɓuce zuwa hannun wanda ya raina. Ya yi shawara da zuciyarsa, ita kuwa zuciya mai ƙyashi ba ta ba da shawarar kirki. Ya ajiye tsohon littafin da yake jera sunayen yara da lambobinsu a kusa, yana jira.

Baƙo ya zo, aka nuna masa ɗaki. Mahmudu ya matso da Turancinsa ya ce wannan huje-hujen wasan yara ne, in ana so a gane, a ɗauko mace ɗaya daga layi a ga wanda zai riga fito da katinta. Baƙo ya ce ya yarda. Mahmudu da kansa ya nuna wata yarinyar mace mai goyo, don ya ga alamar mai saurin baki ce.

Ya buɗe littafi ya ce, "Sunan yaro?"

Ta ce, "Ɗanjuma muke ce masa."

"Sunan yanka nake tambaya."

Ta dubi ƙasa. Ya ɗaga murya, don yana jin idon baƙo a bayansa. "Ke, ba mu da lokaci! Faɗi sunan ɗanki!"

Sai wata tsohuwa da ke bayanta ta dafa ta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Haba Malam! Ɗan farinta ne, kuma sunan mai gidana ya ci, ga ni tsaye. Kai uwarka a kasuwa take kiran sunanka?" Layi ya ɗauki dariya, har da masu rufe baki da gyale. Mahmudu shi ma ɗan fari ne, kuma rabin matan nan sun san uwarsa.

Kailani bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, daga wace unguwa?" Tsohuwa ta ce Kongo. "Me uban ke yi?" Ta ce tela ne. Ranar haihuwa kuwa laƙabin ya riga ya faɗa. Tsinke ya shiga sau uku, kati ya faɗo. Ya miƙa wa Mahmudu da hannu biyu ya ce, "Malam, a duba ko shi ne." Shi ne.

Bayan wata guda takarda ta zo, kuma a nan abin ya zo da ban mamaki. Mahmudu aka ba kujerar, don doka ta ce sai mai takardar Midil. Kailani kuwa aka kira shi Kaduna ya tsara wa wasu wurare irin wannan aiki, can ya yi sauran rayuwarsa yana huda katuna, yana koya wa waɗanda suka fi shi karatu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa sabon babban akawu: kada a taɓa tsarin da aka tarar.

Haka Mahmudu ya sami abin da yake so, ya zauna a kai kamar mai zama kan ƙaya. Kullum da hannunsa yake zura tsinken, kullum kuma yana jin mata a layi suna cewa, "Kwantar da hankalinki, tsinken Kailani zai nemo." Don baƙin ciki ya yi wa kansa alkawarin sunan nan ba zai sake fita daga bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce "mutumin Kaduna," ya sha mur.

Matan Tudun Wada kuwa suka lura, suka fassara abin da irin fahimtarsu. Wata rana wata dattijuwa ta karɓi katin jikanta, ta tsaya ta sa masa albarka a gaban kowa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Ka girme shi, amma saboda ya koya maka aiki, ko sunansa ba ka iya faɗa. Irin wannan kunya ta yi wuya a zamanin nan."

Layi duka ya ce amin. Mahmudu ya buɗe baki zai gyara mata, ya ga ba yadda zai yi sai ya ambaci sunan. Ya rufe bakinsa, ya ce wa ta gaba, "Daga wace unguwa?"